Zaren Dambe da Shekarun Sale Guduma

Ranar kasuwar Kunci da ta wuce wani saurayi ya same ni a rumfar da nake zama, hannunsa na dama a kumbure kamar an hura salka. Ya ce dambe suka yi a bayan makaranta. Na tambaye shi wa ya ɗaure masa hannun, ya ce shi ya ɗaure abinsa, ai ba wani abu ba ne, a waya ya gani. Na ce to ya koma wayar ta ɗora masa ƙashin. Abokansa suka yi dariya, shi bai yi ba. Na dai tura shi wurin mai ɗori. Amma tunda ku samarin yanzu kun ce naɗa zare ba sana'a ba ce, ku gyara zama. Na fi shekara arba'in ina ɗaure wa 'yan dambe hannu, kuma har na ajiye ban ce na gama iyawa ba.

Mu gidan fawa ne, kuma a zamaninmu dambe na mahauta ne. Da an yi kaka, an cika rumbuna, sai mu bi gari gari da makaɗanmu na kalangu. Ni ma na so in yi suna. Sau ɗaya na shiga fili. Makaɗi bai kai ƙarshen kirarina ba aka kashe ni. Kisa a dambe ba mutuwa ba ce, kai mutum ƙasa ne, ko da gwiwa ko tafin hannu ne ya taɓa. Ni gaba ɗayana na taɓa. Da na farfaɗo sai na ga ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko, a tsaye a kaina. Shi ne mai ɗaure hannu na garinmu. Ya ce, "Audu, mun ga abin da za ka iya da hannunka. Taso mu ga abin da za ka iya da na wasu."

Damina uku ban taɓa hannun mutum ba. Ƙafar saniya Kawu yake ɗauko min daga mahauta, ya ce in naɗe. In na gama sai ya karɓa ya maka ta a jikin turmin daka sau goma. Idan zare ya motsa ko kaɗan, ya miƙo min, in warware in sake. Akwai ranar da na naɗe ƙafa ɗaya tun hantsi har la'asar, sai da mai ita ya zo ya ce matarsa na jiran ta ɗora tukunya.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Tsumma na tsohon saƙi, wanda ya sha wanki ya yi laushi. Zaren auduga wanda ka murza da kanka a cinya, gaba goma sha biyu ga babban mutum. Ƙwaryar ruwa. Sai 'yar wuƙa da ake ratayawa a ƙugu, wadda Kawu ya ce ranar da ka zare ta a kan zarenka ka san aiki ya ɓaci. Za ka cusa tsumma a tafin hannu mutum ya dunƙule a kai, ka kwantar da babban yatsa, ka fara naɗi daga wuyan hannu ka hau gaɓoɓi, ka dawo ka kulle. Zaren kuma sai an ɗan fesa masa ruwa, don yana bushewa yana kamawa. Ka jiƙa shi da yawa, kafin turmi na biyu, wato zagaye na biyu, ya shaƙe jini mutum ya daina jin hannunsa. Ka bar shi a bushe, duka uku ya saki, ƙashi ya tafi. Kuma ba hannu biyu da suke ɗaya. Akwai mai tsohuwar karaya da za ka kewaye, akwai mai gumin tafi, akwai bahago wanda komai nasa sai ka juya.

Masu zuwa wurina kuwa iri iri ne. Wani zai zo da layu bakwai ya ce duk a cusa a tafinsa, in ce masa hannu ne ba aljihu ba. Wani da ya hango abokin karonsa sai ya ce ɗaurin ya matse, a warware, in sake, ya ce ya yi sako-sako, yana ta kallon rana ko za ta faɗi a tashi. Wani ɗan Rimin Gado ya taɓa raɗa min in barbaɗa masa garin kwalba a zare. Na ce masa ba na yi, kuma in ya samu mai yi ya tuna shi ma da fuska zai shiga fili.

Hannun da na fi sani a duniya shi ne na Sale Guduma. Mahauci ne na garinmu, kuma shi ne babban ɗan dambenmu a ajin manya masu nauyi. Mutum ne da in ya shiga zaure sai ya karkata. Shi kaɗai yake kayar da bajimin sa ya danne, wasu su zo da wuƙa. Ba ya tsalle-tsalle a fili, ba ya ihu. Tsayawa yake kamar an dasa shi, ya miƙa hagu yana auna mutum, dama tana can baya tana jira. Zare gaba goma sha biyu da ƙyar yake zagaye dunƙulensa, sai na ja da haƙori kafin in samu abin kullewa.

In ka tambayi Sale shekarunsa, talatin da biyar ne. Haka yake faɗa tun ban yi aure ba. Na yi aure, na haifi uku, yana nan a talatin da biyar. Ba wanda ya damu, don a lokacin ba a tambayar ɗan dambe shekaru, tambayarsa ake wa ya kashe.

A kakar ƙarshe kafin fari muka je ƙasar Gezawa, aka haɗa shi da wani matashi, Iliya Bahago, dogo mai sauri, wanda ya kashe manya huɗu a jere a shekarar. Sale ya kai shi ƙasa a turmi na biyu. Mutanen Bahago suka ce santsi ne, wai an zubar da ruwa a wurin. Aka rabu a kan za a sake karawa baɗi.

Baɗin ba ta zo da dambe ba, don ba ta zo da kaka ba. Aka yi shuka sau uku, gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Shekarar da ta biyo ita ma haka. Da farko mu mahauta muka ga kamar kakarmu ce ta yanke saƙa, don Fulani suna kawo shanu suna bayarwa a kan abin da ya samu kafin su mutu a hannunsu. Sai dai saniyar fata ce da ƙashi, mai saye kuma babu. Daga baya shanun ma suka ƙare. Gidaje suka koma tafasa da dusa da garin rogo, samari suka watse Kano da Kurmi. Ni na rataye zarena a jikin azara, na koma yi wa mutane igiyar guga, ga rijiyoyin ma sai ƙara zurfi suke, wanda shi ne kaɗai alherin da farin ya yi wa sana'ata.

Ana cikin haka sai wani mai sayar da hatsi a kasuwarmu, Alhaji Mamuda, wanda mutane suka fara zagi a kan ya ɓoye gero, ya ga ya kamata ya wanke sunansa. Ya sa aka yi shela cewa zai haɗa Sale Guduma da Iliya Bahago damben ramuwa a garinmu, wanda ya yi kisa ya ɗauki gero buhu goma. Ku ba za ku gane buhu goma a wannan shekarar ba. Gidan Sale akwai baki goma sha huɗu, har da uwarsa da 'ya'yan ƙaninsa da ya tafi neman abinci bai dawo ba.

Saura kwana tara sai ga uban gidan Bahago, wani mahauci mai baki da ake ce wa Ɗanliti, ya sauka a ƙofar dagacinmu da ƙara. Ashe a kakar baya wani dattijon ɗan dambe ya faɗi a fili a wata ƙasa bai tashi ba, hakimi ya aiko wa dagatai cewa kada a ƙara barin wanda ya haura arba'in ya shiga. Ɗanliti ya ce Sale ya haura arba'in tun tuni, rina gemu yake, shi kuma ba zai bari yaronsa ya ɗauki alhakin tsoho ba. Kowa ya san lissafinsa. In an cire Sale, wanda ya rage mana yaron zai share shi kafin a gama gyara kalangu, gero ya tafi Gezawa. Amma don mutum yana da manufa ba shi ke nuna ƙarya yake ba. Dagaci ya ce a taru ranar Talata da hantsi, a kawo shaidu, har da ni.

Ranar Litinin da safe Sale ya same ni ina murza igiya. Ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya kara.

Ya ce, "Audu, gobe za a tambaye ka."

Na ce, "Haka na ji."

"Me za ka ce?"

"Abin da aka tambaye ni."

Ya ce, "Yau kwana shida ba a ɗora tukunyar tuwo a gidana ba. Ban zo in ce ka yi ƙarya ba. Na zo in ce ba dole ne mutum ya tuna komai ba."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ban taɓa ganin ya dafa ƙasa kafin ya miƙe ba.

Bayan azahar kuma sai ga matarsa Hajara ta shigo wurin maiɗakina kamar ta zo aron rariya. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta ce, "Malam Audu, baban Ladi ba zai gaya maka ba. In ya tashi da sauri jiri ke ɗibarsa. Shekaranjiya a bayan gida na same shi ya rungume bishiya. Abin da aka samu yara yake tura wa, ya ce ya ci a kasuwa. Ni na auri mutumin nan yana da suna a dambe, ga Ladi can da goyonta na biyu. Yunwa muna cikinta da kowa. Takaba kuwa ni kaɗai zan yi."

Na ce na ji. Ta ɗauki rariyar ta tafi.

Ranar Talata gindin durumin ƙofar dagaci ya cika. Mutane ba su da abin yi a gona, ba su da abin ci a gida, ga shari'a kyauta. Aka fara da Sale. Ya zo gemunsa baƙi wuluk yana ƙyalli, ƙudaje na bin sa saboda man shanun da aka kwaɓa baƙin tukunyar da shi. Ya ce talatin da biyar, ranka ya daɗe.

Aka kawo uwarsa, Inna Kande, a kan jaki. Dagaci ya ce, "Inna, yaushe kika haife shi?"

Ta ce, "Shekarar da fara ta cinye dawa."

Wani dattijo ya ce ai sau uku fara ta zo a saninsa. Dagaci ya ce, "Inna, wacce daga ciki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina kan gwiwa, ban fita na tambaye ta ko ta nawa ce ba."

Ɗanliti ya kawo nasa shaidan, Malam Ɗanjuma mai gyaran fitila, mutumin garinmu, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, jikansa na riƙe masa sanda. Ya rantse rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya da Sale, a bukka ɗaya suka yi jinya. Sale ya ce gaskiya ne, amma Ɗanjuma tsoro ya sa ya yi ta gudu daji duk shekara, sai da ya fara gemu aka kama shi. Ɗanjuma ya ɗaga sanda, aka riƙe shi.

Sai Sale ya zaro wata jaka ta fata, ya zazzage takardun harajinsa na shekara da shekaru. Aka kira malamin makaranta ya karanta. Ta farko ta ce shekara talatin. Ta biyu talatin. Har ta ƙarshe, wadda aka yanka kafin fari, talatin. Malamin haraji kwafe ta bara yake yi kowace shekara, shi ma ba ya son wahala.

Daga nan dagaci ya ce, "Ina Audu mai zare?"

Na matso na durƙusa.

Ya ce, "Kai kake riƙe hannun mutumin nan. Shekarunsa nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a haife shi a gabana ba."

"To me ka sani?"

Na ce, "Na san na karɓi hannunsa shekarar da Kawu Tanko ya rasu, shekarar da aka gina rijiyar siminti ta kasuwa. Kaka goma sha shida ke nan. Kafin ni Kawu ya ɗaure shi kaka goma, ina riƙe musu ƙwarya a wasu daga ciki. Kuma ranar da na fara ganinsa a fili yana da gemu."

Kowa ya shiga lissafi da yatsu. Dagaci ya gama nasa ya ce, "Sale, ashe kana ɗan shekara tara ka fara kashe manya, da gemunka?"

Sale ya ce, "Na yi saurin girma, ranka ya daɗe."

Bai dube ni ba. Na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce hannun da nake warwarewa yanzu sai ya ɗauki tsawon sallar la'asar kafin yatsun su miƙe, da kuwa nan take yake karɓar goro da shi. Ban faɗi maganar jiri ba, don ba ni na gani ba, kuma da na faɗa kowa zai san daga bakin wa ta fito.

Dagacinmu dattijo ne mai hankali, kuma shi ma ya san in gero buhu goma ya shiga gidan Sale ba a nan zai tsaya ba, unguwa guda za ta lasa. Ya yi ta shafa carbi. Can ya ce, "Inna ba ta san farar ba. Ɗanjuma da Sale sun yi gardama. Audu ya ƙirga kaka, bai ƙirga haihuwa ba. Hakimi ya ce kada wanda ya haura arba'in ya shiga, kuma abin da hakimi ya sani shi ne takarda. Takarda ta ce talatin. A yi dambe."

Haka Sale ya zo da talatin da biyar ya koma gida da talatin. Ɗanliti ya ce zai kai ƙara gaba, aka nuna masa hanya, aka kuma gaya masa motar ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

Kwana bakwai Sale bai yi min magana ba. In mun haɗu a masallaci sai ya sake sahu. Na ji an ce ya nemi wani ya ɗaure masa, wani mai ɗaure kaya a tasha. Ni kuma na yi niyyar ko ya zo ba zan taɓa ba. Ana gobe dambe Hajara ta dawo da rariya. Ta ce, "Malam Audu, ka faɗi taka, ba a ji ba. Tunda sai ya shiga, gara kai ka ɗaure."

Ranar damben, bayan la'asar, a bayan rumfunan mahauta, ina zaune da ƙwaryata sai ga Sale ya zo ya zauna a kan turmi ya miƙo hannu, fuskarsa na kallon wani wuri. Na cusa tsumma, ya dunƙule. Na fara daga wuyan hannu kamar kullum, na hau gaɓoɓi, na dawo. Da na zo kullewa sai na ga zare ya rage min fiye da kamu biyu a hannu. Zaren nan dai shi ne, wanda da nake ja da haƙori. Na warware duka.

Ya ce, "Me ya faru?" Maganarsa ta farko ke nan.

Na ce, "Hannun ya ragu."

Ya ce, "Zaren ne ya miƙe."

Na yage bakin rigata na ƙara tsumma a kan gaɓoɓi. Na yi tunanin abin da mutumin nan zai iya. Ba zai kai turmi uku ba, ƙafafunsa ba za su kai shi ba. Don haka na yi ɗaurin da Kawu ya nuna min sau ɗaya ya ce kada in yawaita: na tara nauyin zaren duka a gaba, na kafe wuyan hannun kamar an sa masa itace. Irin wannan in ya sauka a kan mutum ba ya tashi, amma duk ƙarfin dukan cikin ƙashin mai shi yake komawa.

Na ce, "Sale, wannan ɗaurin na duka ɗaya ne. Ka zaɓi inda za ka ajiye shi."

Ya jujjuya hannun ya ce, "Da ma ɗaya na zo da shi."

Filin ya cika har kan katangu da rassan bishiya, mutane ramammu, ihunsu ma ba ƙarfi. Buhunan gero na jere a gefe, Alhaji Mamuda na zaune a kansu da babbar riga. Bahago ya fito. Shi ma farin bai bar shi ba, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, amma ƙafarsa na nan da sauri. An gaya masa ya gajiyar da tsoho, kuma abin da ya yi ke nan. Turmin farko ya yi ta kewaya Sale yana tsokana yana ja da baya. Sale na tsakiya yana juyawa a hankali kamar jakin da aka ɗaure a turke. Bai kai duka ko ɗaya ba. Aka raba. Da na zo fesa masa ruwa na ji numfashinsa kamar zugazugin maƙera.

A turmi na biyu Bahago ya shigo ya sauke masa hagu a kunne. Sale ya yi taga-taga, gwiwarsa ta lanƙwashe, ta tsaya saura ɗan yatsa ta taɓa ƙasa. Na ji mata sun yi salati daga bayan katanga. Ya miƙe. To ga rana, ga gumi, ga ruwan da na fesa. Baƙin tukunyar nan ya narke ya gangaro masa a wuya da ƙirji layi layi, gemu ya fito fari fat kamar auduga. Wani daga kan bishiya ya yi ihu, "Ga takardar haihuwar ta fito!" Fili ya ɗauki dariya. Bahago ma ya kalli gemun, ya buɗe baki zai yi dariya, hannunsa na tsaro ya sauka kaɗan.

Nan Sale ya ajiye dukansa.

Mutane ƙara ɗaya suka ji. Ni biyu na ji, ta muƙamuƙin Bahago da wata ƙarama a cikin zarena. Bahago ya zube a kan bayansa. Sale ya tsaya a tsaye har mai rabawa ya ɗaga masa hannu, har makaɗa suka zagaye shi, sannan ya zauna a ƙasa a tsakiyar fili ya ce a ba shi ruwa. Bai iya tashi ba. A amalanke ɗaya aka kai shi gida da geron, yana kwance a kan buhuna.

A zaurensa na zo warwarewa. Hannun ya kumbura ya haɗiye zaren, ba ta inda zan kama bakin ƙullin. Na zaro wuƙar ƙuguna na yanka, karo na farko kuma na ƙarshe a sana'ata. Ƙashi biyu sun karye a bayan hannu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Muna jiran mai ɗori ya ce, "Audu, ka tona ni a gaban dagaci."

Na ce, "Na tona."

"Ya yi amfani?"

"Bai yi ba."

Ya ce, "To." Sannan ya ce, "Ɗaurin ya yi kyau."

Kafin magariba ya sa aka kai wa Bahago buhu ɗaya a masaukinsa, ya ce yaron ya zo daga nesa kuma kwana biyu ba zai iya tauna ba, sai kunu. Biyu suka bi gidajen unguwa a kwano a kwano, nawa gidan ma ya samu. Ragowar ta kai iyalinsa har saukar ruwa. Hajara ba ta taɓa ta da maganar da ni ba, illa duk sallah sai ta aiko wa maiɗakina da tuwo.

Sale bai ƙara shiga fili ba. Hannun ya ɗoru a karkace, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, wuƙar fawa ma sai da ya koma riƙewa da hagu. Kunnen da aka daka kuma ya daina ji da shi, abin da ya ce ya rage masa rabin surutun gida.

Da damina ta sauka, kafin sabon gero ya nuna, lokacin da yunwa ta fi tsanani, gwamnati ta aiko da masara a raba wa tsofaffi, daga mai shekara sittin zuwa sama. Na raka mahaifiyata ƙofar dagaci. Muna cikin layi sai na hango Sale a gabanmu, gemu fari har ƙirji, ya samo sanda yana dogarawa, ya rataye karkataccen hannun a gaba inda kowa zai gani. Wata bakwai ke nan da damben. Malamin rabon baƙo ne daga Kano, da biro a bayan kunne. Ya ce, "Baba, shekarunka nawa?"

Sale ya juyo masa da kunnen da ke ji, ya ce, "Sittin da biyu."

Malamin ya ɗaga kai ya dubi kafaɗun nan da suka tare masa rana. Ya ce, "Anya, Baba? Ni ban ga alamar ka kai sittin ba."

Sale ya buɗe bakin buhunsa da hagu ya miƙa. Ya ce, "Zuba, ɗana. Ni tunda nake ban taɓa faɗin shekaruna an yarda ba."